Tsuntsayen da ke damina a gaɓar Legas

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin lodi a Apapa, wani lokaci nakan shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay. Akwai wasu fararen tsuntsaye masu rababbiyar wutsiya da ke faɗawa ruwa su suro kifi. An ce Turai suke komawa su yi ƙwai, to me ya sa nake ganinsu har cikin damina?
Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba. Tsattsewar teku ce kake gani, kuma da yawansu a gaɓar Ingila, Holan da Jamus aka ƙyanƙyashe su. Manyan sukan tashi su nufi arewa wajen watan Afrilu. Waɗanda suka rage maka a Yuni da Yuli yara ne. Duba goshinsu da kyau: fari ne, alhali babban da ya shirya sheƙa baƙar hula ta rufe masa kai har goshi.

Ɗan da ya iso nan a shekararsa ta farko ba ya gaggawar komawa. Yakan zauna ruwanmu, galibi sai ya shekara 2 zai koma inda aka haife shi, nan ma kallo ya kai shi. Ya iso a makare, ya zagaya sheƙun manya, ya ga inda ake samun kifi, ya nemi abokiyar zama. Yawancinsu sai a shekara ta 3 suke fara ƙwai, wasu ta 4.

Dalilin jinkirin shi ne abin da ya fi taɓa ni. Suro kifi daga sama sana'a ce, koyonta ake yi, kamar yadda yaron kafinta ke daɗewa a hannun maigidansa kafin ya buɗe nasa shagon. Yaron tsuntsu yakan faɗa ruwa ya fito baki wayam fiye da babba. Wanda bai gama iya ciyar da kansa ba, ina zai iya da 'yan tsaki biyu ko uku? Tunda kuma wasunsu kan haura shekara 20 a raye, haƙurin ba asara ba ne. Babban tsuntsun tekun kudu da ake kira albaturos ma sai wajen shekara 10 yake farawa, ƙwai ɗaya tal, shekara biyu-biyu. Wata albaturos da masu bincike suka sa wa zoben shaida a ƙafa a tsibirin Midway na tekun Fasifik a 1956 ta sake yin ƙwai a ƙarshen 2024.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yara na kafa musu tarko da ƙugiya a bakin ruwa. A Gana abin ya yi yawa har aka fara shirin kare su a 1985. Tsuntsun da aka kama yana ɗan shekara 2 ya tafi da duk 'ya'yan da zai haifa.

In ka tsinci mushensa da zoben ƙarfe a ƙafa, rubuta lambar da wurin da ranar, ka kai wa gidauniyar kare muhalli ta NCF da ke Lekki.