Ɗana ba ya ji sosai, wace firamare zan kai shi?

'Yar'uwa, kin ce kina Kano, ɗanki mai shekara shida kunnensa ba ya ji sosai, kin rasa ko firamaren unguwa za ki kai shi ko makaranta ta musamman. Allah Ya raya mana shi.

Fara da asibiti, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a auna jinsa. Sakamakon ne zai raba gardama. In yana ji da na'urar kunne, firamaren unguwa za ta iya yi, amma ki je da kanki ana cikin darasi, ki leƙa ajin. In yara sun cika maƙil har ƙofa, malama kuma tana magana tana fuskantar allo, yaron da ya dogara da kallon leɓe ba abin da zai tsinta. Ki roƙi hedimasta a zaunar da shi layin gaba, nesa da taga.

In kuwa jin ya tafi sosai, ni dai makarantar Tudun Maliki da ke nan Kano zan ce miki. Ta gwamnati ce, ta kurame da makafi, malamanta sun iya maganar hannu. Sai dai ta makaranta tushenta daga Amurka yake, ta bambanta da wadda kuramenmu ke yi a gari, don haka ku ma ku koyi ta makarantar a gida.

In wata makaranta ta ƙi karɓarsa, ki kai kuka ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin karatu kyauta har sakandare.