Tarihi da aikin sashen tiyata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano

Malam, ka tambayi yadda sashen tiyata na wannan asibiti ya samo asali da irin aikin da yake yi. An kafa asibitin a shekarar 1988 domin horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, ya fara aiki a Asibitin Murtala kafin ya koma mazauninsa na dindindin a kan titin Zariya. Sashen tiyata ya girma tare da shi, har ya rabu zuwa rassa kamar tiyatar yara, ta mafitsara da ta ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dashen ƙoda da aka fara a can a 2002, domin aiki ne da ba ya yiwuwa sai an haɗa likitocin tiyata, na ƙoda, masu sa barci, da ma'aikatan jinya da ke kwana kan majinyaci bayan an fito da shi. Ban da yi wa marasa lafiya aiki, sashen yana horar da likitocin da ke neman ƙwarewa, waɗanda ke shafe shekaru suna koyo kafin su ci jarrabawar zama manyan likitoci.