Sun yi masa ihu yana nan, da ya tafi suka shiga kewa: labarin Kenley Jansen da magoya bayan Dodgers

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Los Angeles. Ƙwallon ƙafa na tashi da ita, amma zama da abokan karatu ya sa na fara bin su kallon besbol. Akwai wani ɗan wasa, Kenley Jansen, da har yau ba su daina gardama a kansa ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutum ɗaya zai gaya maka da bakinsa cewa da shi aka yi wa Jansen ihu a filin wasa, kuma ya ce ranar da Jansen ya koma Atlanta ya ji kamar an yi masa rashi. An kuma ce min mutumin ba ya cikin masu fara wasa, sai a ƙarshe yake shigowa ya yi minti goma. To mene ne abin tayar da hankali don ɗan canji ya tafi? Kuma tsakanin kulob ɗin da ya bar shi ya tafi da magoya bayan da suka ji haushi, wa ke da gaskiya?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kalmar "ɗan canji" ita ce ta ɓatar da kai, kuma ba laifinka ba ne, domin a ƙwallon ƙafa wanda ke zaman benci galibi wanda bai samu gurbi ba ne. A besbol ba haka abin yake ba.

Wasan zagaye tara ne. Mai jifan da ya fara wasa a yanzu da wuya ya wuce zagaye biyar ko shida, saboda hannu na gajiya idan jifa ya doshi ɗari. Daga nan sai a riƙa kawo masu karɓarsa ɗaya bayan ɗaya. A cikin waɗannan masu karɓa akwai mutum guda da ake ajiyewa don zagaye na tara, kuma ba a taɓa shi sai in ƙungiyarsa na gaba da 'yar tazara, yawanci maki uku ko ƙasa da haka. Shi ake kira mai rufe wasa. Aikinsa ya fitar da 'yan bugu uku a tashi. Idan ya yi, a rubuta masa cewa ya tsare nasara, lissafin da aka fara ajiyewa a hukumance tun 1969. Idan abokan hamayya suka farke a hannunsa, a rubuta masa ya zubar.

To ka duba irin wurin da aka ajiye mutumin nan. Mai bugu zai iya fita sau uku a banza a zagaye na biyu da na huɗu da na shida, babu wanda zai tuna. Mai rufe wasa ba shi da wannan sutura. Duk ranar da ya shiga, ko dai a tashi da murna ko a tashi da baƙin ciki, kuma fuskarsa ce ta ƙarshe da mutane za su gani kafin su nufi motocinsu. Ka ƙaddara golan da ba a saka shi sai an zo bugun fanareti. In ya tare, ai aikinsa ke nan. In ta wuce, shi ya jawo.

Yanzu ga Jansen kansa. Ɗan tsibirin Curaçao ne, Dodgers, kulob ɗin besbol na Los Angeles, suka ɗauko shi a 2004 yana ɗan shekara 17. Ba a matsayin mai jifa ya zo ba, mai tsugunawa ne a bayan mai bugu yana cafe ƙwallo. Har a gasar duniya ta 2009 wannan aikin ya yi wa Netherlands. Hannunsa da ƙarfi, amma bugu ya ƙi masa, har ta kai sana'ar na neman ƙarewa tun ba ta fara ba. A shekarar aka ce ya gwada jifa. Cikin Yulin 2010 sai ga shi a babbar gasa. Makaminsa jifa guda ne, mai tafiya kamar zai zo a miƙe, sai dab da sanda ya ɗan goce gefe, mai bugu ya same shi da gefen sanda maimakon tsakiyarta. Kowa ya san shi zai jefo, amma sanin ba ya amfanar da kowa. Da shi ya tsare wa Dodgers nasara sau 350, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a tarihin kulob ɗin. A 2017, shekarar da ya fi tashe, ya tsare 41, kuma matsakaicin abin da ake ci a kansa a kowane zagaye tara bai wuce maki 1.32 ba. Duk wannan yana fama da ciwon bugun zuciya, wanda ya kai shi ɗakin tiyata a 2012 da kuma 2018.

Me ya kawo ihu ga mutum irin wannan? Wasannin da suka fi ciwo ne suka faɗo a kansa. A wasa na biyu na World Series ta 2017, wato karawar ƙarshe ta neman kofin babbar gasa, Dodgers na gaba da maki ɗaya a zagaye na tara, Marwin González na Houston ya buga masa ƙwallo ta haye katanga, daga baya suka rasa wasan, kuma kofin ya kuɓuce musu a wasa na bakwai. A 2020, wasa na huɗu da Tampa Bay, saura mutum ɗaya a tashi, Brett Phillips ya buga masa wata 'yar ƙwallo ta faɗa fili. Mai tsaron fili ya kasa riƙe ta, da aka jefo gida, wato wurin da ake taɓawa a ci maki, mai cafewa ma ta kuɓuce masa, Randy Arozarena na Tampa Bay da ya riga ya faɗi a hanya ya tashi ya rarrafa ya taɓa gida, aka tashi 8 da 7. Kuskuren mutum uku ne ya haɗu, amma sunan Jansen aka riƙe. Da aka zo wasa na shida, wanda ya ba Dodgers kofinsu na farko tun 1988, koci Dave Roberts ya bar Julio Urías ne ya rufe. Mutumin da ya yi kusan shekara goma yana rufe musu wasa, daren da ya fi kowane dare yana kallo daga gefe.

Ihun da abokanka ke magana a kai ya faru a Yulin 2021. Jansen ya zubar sau uku a jere, biyu daga ciki a gida, a hannun San Francisco Giants, manyan abokan gābarsu tun suna New York su biyun. A na farkon waɗannan biyun Wilmer Flores ya buga ta waje a zagaye na tara. Jansen ya sauko daga tudun jifa yana takawa zuwa benci, filin da ya saba miƙewa tsaye in an buɗe masa ƙofa an saki waƙar shigowarsa ya ɗauke da ihu. Washegari aka sake ci a kansa. Roberts ya fito fili ya kare shi. Kuma don ka gane zafin abin, a ƙarshen kakar Giants sun ci wasa 107, Dodgers 106. Wasa ɗaya tak ya raba su a kan teburi.

A nan zan faɗa maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: an zalunce shi da ihun nan. A wannan kakar ta 2021 ɗin ya tsare nasara 38, matsakaicinsa 2.22, kuma bayan wancan makon ya dawo ya yi ta rufe wasanni lafiya har ƙarshen kaka. Ina fahimtar mutumin da ya biya kuɗin tikiti, ya zauna awa uku ƙungiyarsa na gaba, a minti goma na ƙarshe komai ya rushe. Haushinsa na gaske ne. Amma zuciya tana da wani rauni wajen lissafi. Nasara 350 duk kamanninsu ɗaya, mutum uku sun fita, an gaisa, an tafi gida, ba wadda za ka iya ware ta ka ba da labarinta. Zubarwa kuwa kowace da sunanta da ranarta da sunan wanda ya buga. Shi ya sa abokinka zai iya zayyana maka bugun González daki-daki, amma ka tambaye shi nasara ta 200 da Jansen ya tsare, sai ya yi shiru.

Sai maganar tafiyarsa. Kwantiraginsa na shekara biyar kan dala miliyan 80 ya ƙare bayan kakar 2021. Rikicin masu kulob-kulob da 'yan wasa ya rufe kasuwa daga Disamba har 10 ga Maris 2022, da aka buɗe kowa ya shiga gaggawa. Dodgers suka kashe dala miliyan 162 suka ɗauko Freddie Freeman daga Atlanta, ga harajin da gasar ke ɗora wa kulob ɗin da albashinsa ya haura ƙa'ida yana jiransu. Jansen ya karɓi dala miliyan 16 na shekara ɗaya a Atlanta Braves, ƙungiyar da ya taso yana so saboda ɗan tsibirinsu Andruw Jones.

Kulob ɗin ba hauka ya yi ba, kuma ya kamata a faɗi wannan. Kaka ɗaya wasa 162 ce, wato zagaye fiye da 1,400 na jifa. Mai rufe wasa yana ɗaukar 60 zuwa 70 ne kawai a ciki. Masu lissafin kulob suna kallon wannan su ce bai kamata a zuba manyan kuɗi a kan mutumin da ya ba shekara 34 baya don wannan ɗan kaso ba, musamman da yake masu jifan ƙarshe sun yi ƙaurin suna wajen tashe bana, su dusashe baɗi. Irin su Mariano Rivera, da ya yi shekara 19 a Yankees ya tsare 652, a tarihi ma ƙalilan ne.

Amma abin da ya biyo baya ya nuna inda lissafin ya gaza. A farkon Afrilu Dodgers suka ba da AJ Pollock suka karɓo Craig Kimbrel daga Chicago White Sox, shi ma gogaggen mai rufe wasa. Bayan makonni kaɗan Braves suka zo Los Angeles. Aka nuna bidiyon karrama Jansen, mutane suka miƙe suna tafi. A wasa na biyu na ziyarar ya shigo zagaye na tara cikin rigar baƙi, ya fitar da mutum uku a jere, na ƙarshensu Freeman, aka tashi Braves na da 3, Dodgers 1. Ka ga mutanen da suka musanya birane a wata guda sun fuskanci juna a jifan ƙarshe. Kimbrel kuwa abin bai yi masa kyau ba. Kafin Satumba ta ƙare an karɓe masa zagaye na tara, da aka zo wasannin fitar da gwani ko cikin jerin 'yan wasa ba a saka shi ba. Jansen ya tsare 41 a Atlanta, ya fi kowa a National League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar. A lokacin ne da yawa daga masu ihun suka gane me suke da shi a hannu shekara goma sha biyu. Hausawa suka ce sabo ake wa kuka. Abin da suka rasa shi ne natsuwar da mutum ke ji in an buɗe ƙofar nan ya ga wanda ya sani yana tahowa, kuma babu shafin lissafin da ake rubuta wannan.

Kada ka ɗauka mutanen Los Angeles ne kaɗai. A 1 ga Agustan shekarar, Milwaukee Brewers suna saman rukuninsu suka sayar da mai rufe musu wasa, Josh Hader, ga San Diego Padres, don kada albashinsa ya fi ƙarfinsu nan gaba. A can ba magoya baya kaɗai suka girgiza ba, har 'yan wasan da ke ɗakin canza kaya sun kasa ɓoye damuwarsu a gaban 'yan jarida. Ƙungiyar ta zame, ta ƙare da cin wasa 86, ta rasa gurbi da tazarar wasa ɗaya. Shugaban harkokin wasan kulob ɗin a lokacin, David Stearns, daga baya ya amsa cewa cinikin ya taɓa ƙungiyar fiye da yadda ya zata. Duk da haka, ɗaya daga cikin 'yan wasan da suka karɓo, Esteury Ruiz, da shi suka yi cinikin da ya kawo musu William Contreras, wanda ya zama ginshiƙinsu. Ka ga masu lissafi sun ci riba a dogon zango, masu kuka kuma sun yi gaskiya a kan kakar da ke gabansu.

Amsar tambayarka ta biyu ke nan. Kulob yana da hujja kan kuɗi da shekaru, kuma ba zan ce a riƙe kowane tsohon ɗan wasa don kara ba. Amma a maganar Jansen ina tare da waɗanda suka ji ciwon tafiyarsa. Shekara ɗaya ya sa hannu a Atlanta, kuma wanda aka kawo a madadinsa kusan kuɗi ɗaya aka biya shi, ga ɗan wasa da aka bayar a kai. Inda nake saɓawa da abokinka shi ne ihun. In zai yi kewar mutumin, to ya amsa cewa a Yulin 2021 bai kyauta masa ba.

Dodgers sun ci wasa 111 a kakar 2022, mafi yawa a tarihinsu, sai Padres suka fitar da su a karawarsu ta farko ta fitar da gwani. A wasa na huɗu suna gaba da maki uku, masu jifan karɓa suka bari aka ci biyar a zagaye na bakwai. Da aka zo na tara, San Diego ta buɗe ƙofa ta saki Hader, ya fitar da Mookie Betts da Trea Turner da Freeman ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya buga ƙwallo ta shiga fili. Shi kuwa Jansen ya wuce Boston Red Sox, inda ya cika nasara ta 400 a watan Mayun 2023, a filin Atlanta.