Jami'in lasisin talabijin ya buga mini ƙofa a Birtaniya: dole ne in bar shi ya shigo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan da na biyo maigidana Birtaniya, muna zaune a Manchesta. Kusan kowane wata sai an jefo mana wasiƙa daga TV Licensing, masu karɓar kuɗin lasisin kallon talabijin, wai ana binciken gidanmu kuma jami'i na nan tafe. Mu ba ma kallon tashoshin Turawa. Yara Netflix da YouTube suke kallo, ni kuma Arewa24 ta intanet. Da rana ni kaɗai ce a gida. Idan suka zo dole ne in buɗe? Za su iya kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Irin wannan wasiƙa ana aika ta ne zuwa duk adireshin da ba ya cikin jerin masu lasisi, shi ya sa sau da yawa ko sunanki ba za ki gani a kai ba. Ba takardar kotu ba ce.

Jami'in da ke zuwa ba ɗan sanda ba ne. Ma'aikacin kamfanin Capita ne, wanda BBC ta ba kwangilar wannan aiki. Ba shi da ikon kama kowa, kuma ba shi da ikon tsallake bakin ƙofarki sai da yardarki. Kina iya ƙin buɗewa. Kina iya buɗewa ki nemi katin shaidarsa, ki ce ba za ki amsa tambaya ba, ki rufe ƙofarki cikin mutunci. Idan kin bar shi ya shigo sannan kika canza shawara, kika ce ya fita, dole ya fita. Hanya ɗaya ce ke ba su damar shiga ba da izini ba: takardar izinin bincike daga majistare, a ƙarƙashin sashe na 366 na dokar sadarwa ta 2003. Ba kasafai ake kaiwa nan ba, kuma yawanci da rakiyar 'yan sanda ake zuwa. Idan har suka zo da ita, kada ki tare hanya, domin hana su aiki a lokacin laifi ne mai zaman kansa.

Amma akwai wani wuri a tambayarki da ya tsaya mini a rai, wato maganar Arewa24. 'Yan'uwanmu da yawa sun ɗauka lasisin na masu kallon BBC ne kawai. Abin da doka ke dubawa shi ne ko kina kallon shiri a daidai lokacin da tasha ke watsa shi, kowace tasha ce, daga kowace ƙasa, a talabijin ne ko a waya ko a kwamfuta. To idan kai-tsaye kike kallon Arewa24 ko NTA, kina buƙatar lasisi. Idan kuwa tsofaffin shirye-shirye kike zaɓa ki kunna lokacin da kika ga dama, ba kya buƙata. Finafinan da yara ke zaɓa a Netflix da bidiyoyin YouTube su ma haka. BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, shi kaɗai ya fita daban: tun Satumban 2016 duk shirin BBC da aka kalla a cikinsa sai da lasisi. Rediyo kuwa kyauta ne, ki saurari Sashen Hausa na BBC yadda kike so, wanda ma wani kaso na kuɗin tafiyar da shi daga wannan lasisin yake fitowa.

Abin da ya fi kai mutane kotu shi ne maganar bakin ƙofa. Jami'i ya yi gaisuwa cikin fara'a, mace ta ji kunyar barin baƙo a tsaye kamar yadda muka taso, ya tambaya ko ana kallon talabijin, ta ce "wani lokaci dai", ya karanta mata gargaɗin cewa za a iya amfani da maganarta a kotu, ya rubuta, ya miƙo ta sa hannu. Wannan rubutun shi ne shaida. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake samu da wannan laifi mata ne, kuma cikin dalilan akwai cewa su aka fi tararwa a gida. Don Allah kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta kin fahimta ba, kuma kada ki yi ƙarya. Yin shiru haƙƙinki ne.

Idan kun duba kun ga kuna buƙatar lasisin, ku saya. A watan Afrilun 2025 an sa kuɗinsa fam 174.50 a shekara, ana kuma iya biya wata-wata. Tarar kotu a Ingila tana iya kaiwa fam 1,000, ban da kuɗin shari'a. Rashin lasisi kansa ba ya kai mutum gidan yari, sai dai taurin kai wajen ƙin biyan tarar da kotu ta yanke. Lasisi ɗaya ya ishi iyali ɗaya, amma idan gidan haya ne da kowa ke da yarjejeniyar ɗakinsa daban, kowa sai ya yi nasa.

Idan kuma ba ku buƙata, ku shiga shafin TV Licensing ku sanar da su. Wasiƙun za su lafa na wani lokaci, ko da yake suna iya turo wani ya tabbatar, kuma ko a lokacin shigowarsa sai da yardarki.

Takarda ɗaya ce ba a ajiyewa a ƙarƙashin katifa: wadda ta zo da sunanki daga kotu tana tuhumarki. Kwana 21 ake bayarwa a mayar da amsa, in ba haka ba majistare ya yanke hukunci a bayan idonki. Idan irinta ta zo, ki kai ta ofishin Citizens Advice mafi kusa a cikin makon, shawararsu kyauta ce.