Ku Tambaya Mu Amsa: Igwa da Mortiye

Tambaya: Ana cewa an taɓa ƙera igwa a nan Damagaram. Gaskiya ne? Ta yaya take aiki? Daga wani malamin makaranta a unguwar Birni.

Amsa: Gaskiya ne, Malam. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana ƙera igwa da albarushi a Damagaram. Irin wannan igwa ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna da sanda, a tura dunƙulen ƙarfe ko dutse, sannan a sa wuta ta ƙaramin rami a gindi. Abu biyu ke kashe masu harbi. In iska ta maƙale cikin ƙarfen lokacin zubi, bututun yakan tsage. In kuma ba a share ciki da jiƙaƙƙen tsumma ba, garwashin da ya rage yakan kama sabon albarushi alhali hannun mai ɗurawa na bakin igwa. Ga jinkiri: kowane harbi igwar sai ta ja baya, a sake saiti. Wannan Faransawa suka magance da igwarsu mai faɗin baki milimita 75 ta 1897, wadda bututunta kaɗai ke ja baya ya dawo, tana harbi kusan 15 a minti ɗaya.

Tambaya: Mene ne bambancinta da mortiye da sojoji ke ɗauka? Daga wata ɗaliba a Zengo.

Amsa: Ƴar'uwa, mortiye wata irin gajeriyar igwa ce da sama take cillawa, fiye da digiri 45, bom ɗin ya faɗo bayan tudu ko cikin rami. Ta zamani ta samo asali daga wadda wani injiniya, Wilfred Stokes, ya ƙera a Ingila a 1915. Sassanta huɗu: bututu, farantin gindi, ƙafafu biyu da na'urar saiti. Ana sakin bom ta baki, ya zame ya bugi ƙusa a gindi, ya tashi. A rairayi irin namu farantin yakan nutse, saiti ya kauce. Mafi muni shi ne a jefa bom na biyu alhali na farko bai fita ba. Nan take bututun ke tarwatsewa.

Bom ɗin da bai fashe ba yana da rai ko bayan shekaru. Manoma da masu sayen tsohon ƙarfe, don Allah kada ku taɓa shi, kada ku kai shi maƙera. Ku sa alama daga nesa, ku kori yara, ku sanar da jandarma.