Bakin alƙalami da hannun mai shi

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso ni ranar Talata da yamma, ƙanwarka ce ta karanta mini shi daga waya, domin idanuna ba sa jure wa wannan hasken yanzu. Ka ce kana so ka sayi alƙalami mai shan tawada, irin mai siririn bakin nan da ake yi wa alamar EF, amma kana son wanda zai riƙa tafiya da sulɓi ba tare da ya karce takarda ba, har ka lissafo mini sunayen kamfanoni ka ce in zaɓa maka ɗaya. Daga ƙarshe kuma ka tambaye ni dalilin da ya sa ni da marigayi mahaifinka ba mu taɓa yarda wani ya ɗauki alƙalaminmu ba, ka ce ko camfi ne, ko kuwa rowa ce irin ta tsofaffi.

Da ta kai nan sai na yi murmushi, domin na tuna yaron da ba ya cika mako guda bai ɓatar da biro ba, yau shi ne yake neman alƙalamin da za a riƙe shekara talatin. Amma bayan murmushin sai na ji ɗan damuwa, saboda na fahimci kana shirin zaɓen abin rubutu ta hanyar kallon hotonsa, alhali hannunka bai taɓa shi ba.

Ni alƙalamina na farko ba saye aka yi ba. A makarantar allo, malaminmu yakan aike mu bayan gari mu yanko gamba, ya zauna a kan buzu ya tsince wadda ta ƙosa, ya fiƙe ta da 'yar aska, sa'an nan ya tsaga bakin kaɗan domin tawada ta sami hanya. Ba ya fiƙe wa yara biyu iri ɗaya. Sai ya kama hannunka ya duba, ya sa ka ja layi a ƙasa da yatsa, kafin ya yanke shawarar faɗin da zai ba bakin. Mai nauyin hannu ya sami mai kauri, mai sauƙin hannu ya sami siriri, kuma siririn nan na ƙarshe, wanda ake sa wasali da jar tawada da shi, ba ya miƙa shi ga kowa sai gardin da ya daɗe yana rubutu. Idan yaro ya yi ƙorafi, abin da yakan ce shi ne, alƙalami ɗan hannu ne, hannun da ya raine shi kaɗai yake ji wa magana. A lokacin mun ɗauka magana ce kawai ta malamai.

Sai da na fara aiki na gane abin da yake nufi. A shekarar 1967 aka ɗauke ni ƙaramin akawu a ofishin wani hakimi, a ƙarƙashin wani dattijo wanda shi ne babban malamin haraji na gundumar. Lokacin ana lissafi da fam da sule da kwabo, domin naira ba ta zo ba sai 1973. Sule ashirin fam guda, kwabo goma sha biyu sule guda, kuma kowanne da nasa gurbin a babban littafi, gurabe ƙanana waɗanda faɗinsu bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Mai kaurin rubutu ba ya iya aikin nan, domin idan cikin 6 ya cike da tawada ya koma kamar 8, to ranar da mai binciken kuɗi ya zo daga baitulmali sai an kwana ana neman sule biyu. Saboda haka dattijon nan yake da alƙalami ɗaya tak, Pelikan na Jamus mai ratsin kore, wanda ya sayo a hanyarsa ta dawowa daga aikin hajji. Bakinsa na zinariya ne, siriri kamar gashi, kuma ana murza gindinsa ne ya zuƙi tawada daga kwalba. Ban taɓa ganin ya ajiye shi a buɗe ba, ko da kuwa atishawa zai yi.

Wata rana da kaka, bayan an sayar da gyaɗa, dagatai da masu unguwanni suka cika harabar ofis da jakunkunan kuɗi. Hunturu ya fara sauka, ƙura ta rufe teburori, mutane sun ƙosa su karɓi rasit su koma ƙauyukansu kafin duhu. Rasit ɗin nan kuwa da takardar kabon ake rubuta shi domin ya fita biyu, kuma abin da aka tanada domin haka shi ne wani fensir mai tauri wanda yake komawa shuɗi idan ya taɓa yawu. Nawa fensirin ya karye, ban ga aska kusa ba, dattijo kuma ya fita alwalar la'asar ya bar alƙalaminsa a kan littafi da murfinsa a rufe. Wani dagaci yana tsaye a kaina yana cewa rana tana faɗuwa. Na miƙa hannu na ɗauka, na buɗe, na fara rubutu, ina dannawa da ƙarfi domin rubutun ya ratsa kabon. A rasit na farko na ji daɗinsa ƙwarai. A na uku sai na ji wani ɗan sauti, ƙis, layin ya rabu biyu kamar sawun keke, tawada ta ɗauke. Na duba bakin, na ga leɓɓansa biyu sun buɗe, ɗaya ya ɗaga sama da ɗan'uwansa.

Na mayar da murfin na ajiye shi inda yake, gabana yana faɗuwa. Da ya dawo ya zauna, ya buɗe, ya ɗora a kan takarda, bai ma gama harafi ɗaya ba ya tsaya. Bai tambayi kowa ba. Ya tashi ya je bakin taga ya ɗaga bakin alƙalamin sama yana kallon hasken da yake ratsa tsagar, ya daɗe a haka, sa'an nan ya juyo ya ce mini, “Malam ƙarami, nawa ka rubuta da shi?” Na ce uku. Ya ce, “Shekara tara ina lallaɓa shi.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan a gaban mutane, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan kowa ya watse ya zaunar da ni kusa da fitila, ya sa farcen babban yatsansa yana tura leɓen da ya ɗaga a hankali, ya gwada, ya sake turawa, har aka kira isha'i. Alƙalamin ya dawo yana rubutu, amma dattijon ya ce ba kamar da ba, ya ce akwai wata 'yar gargada da yake ji idan ya ja layi zuwa hagu. Ranar Juma'a ya kai shi birni wurin mai gyaran agogo, wanda yake da gilashin nan na ido ɗaya mai ƙara girman abu. A daren da abin ya faru ne dattijon ya ce mini kakansa yakan ce abu uku ba a ba da aronsu, doki da takobi da alƙalami, domin kowannensu yana dawowa da halin wanda ya are shi. Ya ƙara da cewa ko ba komai, kayan aro ba ya rufe katara, in tara kuɗina in sayi nawa. Wata huɗu na yi ina tari kafin na sayi wani ɗan alƙalami mai suna Hero na ƙasar Sin, mai rufaffen baki irin na alƙalamin Parker 51, kuma da shi na koyi sassauta hannu.

To ka ji inda al'adar ta samo asali a wurina, mahaifinka kuma daga gare ni ya ɗauka. Bakin irin wannan alƙalami ƙarfe ne da aka tsaga biyu, tawada tana bin tsagar da kanta kamar yadda kananzir yake hawa lagwani, a can ƙarshe kuma an manna wata 'yar ƙwayar ƙarfe mai tauri da ake kira iridiyam, wadda ita ce take taɓa takarda. A siririn baki ƙwayar nan ba ta kai rabin ƙwayar gero ba, ga shi kuma an raba ta biyu. Idan ɗaya rabin ya goce daga ɗan'uwansa da abin da ido ba ya gani, gefensa ne zai riƙa kama zaren takarda. Ku kuwa 'yan yanzu da biro kuka tashi, shi kuma biro sai an danna ƙwallon da yake bakinsa yake juyawa, saboda haka hannuwanku sun saba da dannawa ba ku ma sani ba. Ina ganin yadda kuke rubutu har shafi na uku yana ɗaukar sawu. Irin wannan hannu, ko wane kamfani ya ƙera alƙalamin, kwana kaɗan zai yi masa abin da na yi wa na dattijon nan.

Game da sunayen da ka aiko, abin da zan iya gaya maka shi ne alamar EF ba ma'auni ɗaya ba ce a ko'ina. Mutanen Japan, wato kamfanonin Pilot da Platinum da Sailor, waɗanda duk sun haura shekara ɗari suna wannan sana'a, suna wasa bakinsu ya fi na Turai sirantaka, domin haruffansu suna da layuka da yawa a ɗan ƙaramin wuri. Abin da Bajapane ya kira F, wato bakin da ya ɗan fi EF kauri, yakan yi kusa da abin da Bajamushe, irin su Lamy da Pelikan, yake kira EF. Saboda haka idan ka ɗauki EF na Japan, ka san ka ɗauki allura, kuma za ka riƙa jin takarda a ƙarƙashinsa kamar yadda ake jin ta da fiƙaƙƙen fensir. Wannan ba aibi ba ne, halinsa ne. Wanda yake son sirantakar allura tare da santsin man shanu yana neman abu biyu da ba su cika zama wuri ɗaya ba, dole ya rage wa ɗaya ya ƙara wa ɗaya. Kada kuma kalmar zinariya ta ruɗe ka, domin ba zinariyar ce take taɓa takarda ba. Tana ba bakin ɗan laushi ne kawai, kuma bakin ƙarfe da aka daidaita da kyau ya fi na zinariyar da ya goce.

Akwai kuma tawada da takarda, waɗanda ba ka ambace su ba ko sau ɗaya a saƙonka. Wata tawadar tana da ruwa-ruwa, tana jiƙa bakin ya riƙa zamewa, wata kuma tana da ƙarancin gudu, ta sa alƙalami mai kyau ya zama kamar ƙaya. Mu da tawadar Quink ta kamfanin Parker muka saba, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da nake gargaɗinka da shi da babbar murya shi ne kada ka kuskura ka zuba masa tawadar allo, ko wadda masu zane suke amfani da ita, domin gawayi da ƙaron da suke ciki za su daskare a hanyar tawadar su toshe ta. Na ga wani almajiri mai kyakkyawar niyya ya kashe alƙalamin malaminsa da haka. Da hunturu kuma ka riƙa rufe shi da zarar ka ɗaga hannu, domin siririn baki shi ne farkon bushewa, ka kuma wanke shi da ruwa mai sanyi zalla duk bayan 'yan makonni.

Da a ce za ka ji tawa, da ka je inda za a bar ka ka gwada, ka tafi da irin takardar da kake aiki da ita kullum, ba wadda mai kanti zai miƙo maka ba. Ka riƙe shi sakwa-sakwa, ka bar nauyinsa kaɗai ya yi rubutun. Ka ja layi sama da ƙasa, dama da hagu, ka zana 8 sau goma a jere. Idan yana kamawa ta gefe ɗaya kawai, leɓɓan ne ba su daidaita ba, ka ajiye shi ka ɗauki wani ko da irinsu ɗaya, domin 'yan uwa biyu daga kwali ɗaya sukan bambanta. Kada ka manta ka rubuta layi ɗaya na ajami, saboda boko jan alƙalami ake yi, ajami kuwa tura shi ake yi, kuma a wurin turawa ne siririn baki yake nuna ainihin halinsa. Dattijon da na ba ka labari yakan ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da yake ba ni takaici shi ne yanzu komai a rufe yake zuwa cikin leda, an biya kuɗi tun kafin a gani, yaro ya buɗe ya ji ba daɗi ya jefa a aljihun tebur ya sake yin odar wani. Idan ba ka da halin gwadawa, to ka fara da mai araha irin su Platinum Preppy ko Pilot Kakuno, ka yi wata uku da shi, ka ga abin da hannunka zai ce.

Alƙalamin mahaifinka yana nan a cikin akwatina, a naɗe cikin ƙyallen da ya bar shi, na wanke shi tun bayan sadakar arba'in ban sake zuba masa tawada ba. Idan Allah ya kai mu babbar salla ka zo gida, ka taho da littafin da kake rubutu a ciki, ina so in duba bayan shafukan tukuna. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Baffanka.