Me ya sa 'yan wasan kwaikwayon Jamus na da suke wuce gona da iri a dandamali?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rashin ƙwarewa ne ya sa 'yan wasan kwaikwayon Jamus na wajen 1920 suke zare ido, suna magana da ƙarfi a gaban bango karkatacce. Wallahi da gangan suke yi. Salo ne da Turawa suke kira Ekspireshonizim, kuma ya yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da matasa suka dawo daga fagen fama zukatansu cike da firgici. Burinsu shi ne a fito da abin da ke cikin zuciyar mutum a ɗora shi a kan dandamali, ko da kuwa bai yi kama da zahiri ba.

Duba abin da Leopold Jessner, wani mai shirya wasan kwaikwayo, ya yi a Balin. A 1919 ya shirya wasan Wilhelm Tell, labarin wani gwarzon Suwizalan, ba tare da zanen duwatsun Suwizalan da aka saba gani ba, sai matattakala kawai, har 'yan kallo suka tayar da hayaniya. A 1920 kuma ya shirya wasan Richard na Uku, labarin wani sarkin Ingila, da matattakala ja kamar jini. Fritz Kortner, wanda ya fito a matsayin Richard, yana hawa ta zuwa ƙololuwa sa'ad da ya ci sarauta, sannan ya gangaro sa'ad da mulkin ya kuɓuce masa. Ni dai a ganina, wannan ya fi dogon bayani isar da saƙo.

Maganar 'yan wasan ma gajeruwa ce, a yanke, wani lokaci ta koma kururuwa. Fitila kuwa a kan jarumi kaɗai ake haska ta, sauran su zauna cikin duhu.